Yadda Saƙo Yake Gane Hanyarsa Cikin Intanet

Muna gaida dukan ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, manoma da makiyaya da ƴan kasuwa, da malaman da ke zaune tare da su a gindin rediyo. Gaisuwa ta musamman ga azuzuwan Durum, cikin gundumar Mirriya, jihar Damagaram, domin da garinsu za mu yi misali yau. Kowa ya matso kusa. A ɗauko allo da alli, akwai rubutu da lissafi a ƙarshe.

Yau da wuya ka shiga gida ba ka tarar da salula ba. Ɗanka yana ci-rani a Kano, ko Agadas, ko Libiya. Ya danna waya, ya yi magana, kafin ka ɗaura rawani muryarsa ta iso Durum. Wata rana kuwa ka aika saƙo ya ƙi tafiya. Ka hau tudu, ka ɗaga waya sama, ka zagi mai sayar da kati, a banza. Mutane su ce babu rezo.

To, tambayarmu ta yau ita ce: saƙon nan, wa yake nuna masa hanya? Ba shi da ido, ba shi da baki. Yaya yake gane gidanka cikin dukan gidajen duniya? Kuma in ya ɓata, me ya ɓatar da shi? Wanda ya san amsa ba zai yi asarar kuɗinsa ba ranar da hanya ta yanke, ba zai kuma ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

SAƘO ƘUNSHI-ƘUNSHI YAKE TAFIYA

Abu na farko. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Wayarka tana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane guntu a ƙunshe shi dabam. Ƙunshi ɗaya ba ya wuce kimanin harafi 1500. Hoto guda yakan zama ƙunshi ɗaruruwa. Kamar buhun gero ne da ya fi ƙarfin jaki ɗaya, aka rarraba shi cikin taiki-taiki.

A bayan kowane ƙunshi an rubuta adireshi biyu: na mai aikawa da na mai karɓa. Adireshin nan ba suna ba ne, lamba ce. Tsohon tsari, wanda har yau ake aiki da shi, lamba ce mai gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 255, da ɗigo a tsakaninsu. Ga misali, ku rubuta: 192.0.2.15. Irin wannan adireshi bai wuce kimanin biliyan 4 da miliyan 300 ba, ga shi mutanen duniya sun fi haka yawa. Shi ya sa aka fito da sabon tsari mai dogayen lambobi. A nahiyarmu hukumar da ke raba wa kamfanoni waɗannan lambobi sunanta AFRINIC, mazauninta tsibirin Morishiyos.

In ƙunshin nan sun isa, wayar mai karɓa ta jera su bi da bi, ta haɗe. In ɗaya ya ɓata a hanya, a sake aiko shi.

MAI ZAMAN MARARRABA

Kakanninmu sun san tafiya. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari yakan tashi daga Zinder ya bi ta Azbin, ya bi ta Gat, har Tarabulus a bakin teku. Wasu fatake su yi kudu da yamma, Gwanja, sayen goro. Kowane ayari da madugunsa, da jagaba mai wucewa gaba. Su ne suka san rijiyoyi, suka san zango, suka san inda ƴan fashi suke. Madugu yana tare da kaya tun daga tashi har sauka.

To, ku kula da bambanci. Ƙunshin intanet ba shi da madugu. Shi kaɗai yake tafiya. Abin da ke akwai shi ne, a kowace mararraba an zaunar da wata na'ura, ana ce mata rauta. Aikinta ɗaya ne. Ƙunshi ya iso, ta karanta adireshi, ta duba littafinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba. Ba ta raka shi. Ba ta tambayar abin da ke ciki.

Ku tuna da ɗan kamasho a tasha. Mutumin Durum ya kawo saƙo za a kai Dosso. Ɗan kamasho ba zai je Dosso ba. Cewa zai yi: sa shi a motar Zinder. A Zinder wani ya ce: sa shi a motar yamma. Kowa zango ɗaya ya sani, amma saƙo ya isa. Matambayi ba ya ɓata.

Littafin rauta shi ne jerin hanyoyi. Kowane layi yana cewa: adireshi kaza, bi ta ƙofa kaza. Ƙaramar rauta ta ƙauye ko ta ofis ba ta bukatar dogon littafi. Layi ɗaya ya ishe ta: duk abin da ban sani ba, in miƙa wa babba. Manyan rautoci na tsakiyar intanet kuwa, littafinsu ya wuce layi 900,000.

Yanzu ga babbar magana. Wa yake rubuta littafin nan? In rautoci uku ne ko huɗu, ma'aikaci zai iya rubutawa da hannu. Farkon abin, a 1969 a Amurka, kwamfutoci huɗu ne kawai aka haɗa. Yau hanyoyi ba su ƙirguwa, kuma kullum wata tana yankewa, wata tana buɗewa. Babu malamin da zai iya bin sawunsu. Saboda haka aka koya wa rautoci su riƙa ba juna labari da kansu, bisa ƙa'ida. Ƙa'idodin nan suna da yawa. Za mu ɗauki uku.

ƘA'IDA TA ƊAYA: ƘIDAYAR ZANGO

Sunanta RIP. Haruffa uku: R, I, P. Tsohuwa ce, an rubuta dokokinta a 1988, ko da yake ana aiki da irinta tun kafin nan.

Ga yadda take. Kowace daƙiƙa 30, rauta takan gaya wa maƙwabtanta na kusa: ga wuraren da na sani, ga yawan zangon da ke tsakanina da su. Maƙwabciya ta ji, ta ƙara 1, ta rubuta.

Mu ɗauka akwai rauta a kowane babban gari na hanyar Zinder zuwa Yamai. Ta Yamai ta ce: ni ce Yamai, 0. Dosso ta ji, ta ce: Yamai ta wajena zango 1. Dogon Dutsi ta ce 2. Ƙonni 3. Madawa 4. Maraɗi 5. Tasawa 6. Takeita 7. Zinder 8. Durum ta ji daga Zinder, ta rubuta 9. Durum ba ta taɓa ganin Yamai ba, amma ta san ƙofa, ta san nisa. In labari ya zo mata ta ƙofa biyu, ta ɗauki mai ƙaramar lamba.

Abin da sauƙi. Amma yana da aibi biyu.

Na farko, ƙidayar zango ba ta san nisa ko kyan hanya ba. Daga Zinder zuwa Ƙonni ta Takeita, Tasawa, Maraɗi da Madawa, zango 5 ke nan. Wani ya ce: bi ta Tanut, Agadas, Tawa, sai Ƙonni, zango 4. Rauta mai ƙidaya za ta zaɓi 4, don 4 bai kai 5 ba. Alhali kowane direba ya san hanyar Agadas ta ninka waccan tsawo.

Na biyu ya fi muni. A ce hanya ta yanke tsakanin Takeita da Tasawa. Takeita ta rasa Yamai. Can sai ta ji Zinder tana cewa: Yamai ta wajena zango 8. Takeita ta yi murna, ta rubuta 9, ta Zinder. Ba ta san cewa 8 ɗin nan na Zinder daga bakinta ya fito ba. Zinder kuma ta ji Takeita ta ce 9, ta gyara nata ya koma 10. Takeita ta ce 11. Saƙo ya yi ta kai da kawowa tsakanin garuruwa biyu, kamar jita-jitar kasuwa: kai ka faɗa, ta zagaya ta dawo maka, ka gaskata.

An yi wa wannan magani. Ɗaya, aka ce ƙidaya ta tsaya a 15. In ta kai 16, ma'anarsa babu hanya. Biyu, aka hana rauta mayar da labari ga wadda ta ba ta shi. Uku, kowane ƙunshi ana ba shi guzuri, watau wata lamba, sau da yawa 64. Duk rautar da ya ratsa ta rage 1. In guzuri ya kai 0, a jefar da shi, kada ya cika hanya da yawon banza. Duk da haka ƙa'idar nan ta ƙaramin wuri ce. Manyan kamfanoni sun bar ta.

ƘA'IDA TA BIYU: KOWA DA TASWIRARSA

Sunanta OSPF. Tana da ƴar'uwa mai suna IS-IS, aikinsu kusan ɗaya. Da irinsu kamfanonin waya suke tafiyar da hanyoyin cikin gidansu.

A nan rauta ba ta faɗin abin da ta ji. Abin da ta gani da idonta kawai take faɗi. Takeita ta ce: ni Takeita, ina haɗe da Zinder, da Tasawa, da Matamaye, kuma ga halin kowace hanya. Wannan shaida a yaɗa ta ga dukan rautocin kamfani, ba a ƙara ba a rage. Kowace rauta ta tara shaidun, ta zana taswirar ƙasa gaba ɗaya a cikin kanta. Taswirar Zinder da ta Dosso iri ɗaya ce.

Sa'an nan kowace hanya an sa mata nauyi. Hanya mai faɗi, mai ɗaukar saƙo da yawa, nauyinta kaɗan. Ƙunƙuntar hanya, nauyinta da yawa. Kamar kwalta da rairayi ne. Rauta ta tara nauyin kowace hanya, ta zaɓi wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta. Ku lissafa tare da ni. Hanya ta farko zango uku: 10 da 10 da 10, jimla 30. Ta biyu zango biyu: 40 da 5, jimla 45. Wacce za a bi? Ta farko, ko da ta fi yawan zango. Dabarar wannan lissafi wani masani ne ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya buga ta a 1959, shekara goma kafin a haɗa kwamfutocin nan huɗu.

Yaya suke gane hanya ta yanke? Ta gaisuwa. Bisa al'ada, kowace daƙiƙa 10 rauta takan yi wa maƙwabciyarta sallama. In daƙiƙa 40 ta wuce ba a amsa ba, ta tabbata ba lafiya. Nan da nan ta yi shela: hanyata da wance ta mutu. Kowa ya goge layin nan a taswirarsa, ya sake lissafi, saƙo ya koma wata hanya. Na'urorin yanzu suna da dabarun da suka fi haka sauri, har mai magana ba ya jin an sauya masa hanya.

Amma ku riƙe wannan da kyau: sai in akwai wata hanyar. Rauta ba ta haƙa hanya, zaɓa take yi. Garin da hanya ɗaya ke shigarsa, ranar da kwari ya cika, kowa ya zauna gida.

ƘA'IDA TA UKU: TSAKANIN MASARAUTU

Intanet ba ta mutum ɗaya ba ce. Taron gidaje ne, fiye da 70,000, kowane da mai shi da lambarsa. A ƙasarmu Niger Telecom gida ne, Airtel gida ne, Moov gida ne, Zamani gida ne. Google gida ne, Facebook gida ne. Babu wanda zai nuna wa wani taswirar cikin gidansa. Saboda haka a bakin iyaka wata ƙa'ida ake bi, sunanta BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed da Yakov Rekhter, su suka tsara ta a 1989, a wurin cin abinci, a kan takardun goge hannu. Yau ita ce ta ɗaure duniya.

A BGP gida yakan yi shela: adireshi daga kaza zuwa kaza nawa ne, a kawo mini. Maƙwabci ya ji, ya ƙara sunansa, ya gaya wa na gaba. Labari yana tafiya da jerin sunayen gidajen da ya ratsa. Kamar bafatake ne yana cewa: na fito Damagaram, na bi ta Daura, na bi ta Kazaure, ga ni a Kano. Amfanin jerin nan babba ne. In gida ya ga sunansa a ciki, ya san labarinsa ne ya zagayo, sai ya ƙi karɓa. Jita-jitar Takeita da Zinder ba ta samun wuri.

A nan kuma ba gajeriyar hanya ce kullum take ci ba. Kuɗi da yarjejeniya suna gaba. Fataken da suna biyan fito a ƙasar kowane sarki, kuma madugu yakan kauce wa ƙasar da ake yaƙi ko wadda fitonta ya yi tsada. Haka kamfanoni. Ƙaramin gida yana biyan babba don ya fitar masa da saƙo. Gidaje biyu masu ƙarfi ɗaya sukan yi musaya kyauta. Kowane gida ya fi son hanyar da ba zai biya ba. Mun ga irin wannan a kan kwalta: da aka rufe iyakar Gaya a 2023, manyan motoci suka riƙa ɗauko kaya daga Lome, su ratsa Burkina Faso, ko da yake Kwatano ta fi kusa.

Shi ya sa saƙon Durum zuwa Kano, garuruwan da mota ke haɗawa cikin yini ɗaya, yana iya fita har bakin teku, ya je gidan kamfanin da ke riƙe da saƙonni, kana ya dawo. Ba ka ji ba ne don saurinsa. Cikin zaren gilashi haske yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya.

IN AN YI ƘARYA A MARARRABA

BGP a kan amana aka gina ta. Maƙwabci ya faɗa, a yarda. To, in ya yi kuskure fa?

Akwai wata doka: wanda ya fi bayyana adireshi dalla-dalla shi ake bi. Wani ya ce na san hanyar Damagaram. Wani ya ce na san hanyar Durum, har unguwa. Wasiƙar Durum na biyun za a ba.

Ranar 24 ga Fabrairu 2008 hukumomin Pakistan suka sa a toshe YouTube a cikin ƙasarsu. Kamfanin wayar ƙasar ya yi shela cewa adireshin YouTube a wajensa yake, ya kuma bayyana shi dalla-dalla fiye da mai shi. Nufinsa abin ya tsaya a gida. Sai shelar ta tsallake iyaka, duniya ta gaskata. Kimanin awa biyu masu neman YouTube a ko'ina ana tura su Pakistan, inda babu kowa.

Ranar 12 ga Nuwamba 2018 aka yi irin wannan kusa da mu. Kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure wajen gyaran rautocinsa, labarin hanyoyin Google ya fita ta inda bai kamata ba. Minti 74 saƙonnin mutane da yawa suna bi ta Rasha da Sin suna maƙalewa. Kamfanin ya amsa kuskure ne, ya gyara.

Na uku da yawanku kun gan shi. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya, kimanin awa shida. Wasu suka yi ta kashe waya suna kunnawa. Wasu suka sayi sabon kati. Laifin ba na waya ba ne, ba na eriyar gari ba ne. Wani umarni da aka ba na'urorin kamfanin a wajen gyara ya yanke hanyoyin cikin gidansa, rautocinsa suka janye shelarsu. Gida yana nan, amma an share shi daga littafin kowace mararraba.

Saboda irin wannan aka fito da hatimi. Yadda wasiƙar sarki ba ta karɓuwa sai da hatiminsa, haka yanzu gida yakan je wa hukuma irin AFRINIC, a buga shaida cewa adireshi kaza nasa ne. Rautar da ta ji shelar da ta saɓa wa hatimi ta ƙi ta. Ba dukan gidaje suka shiga ba tukuna, amma ana ƙaruwa.

HANYOYIN NIJAR ZUWA TEKU

Yawancin saƙon da ke tsakanin nahiyoyi ta ƙarƙashin teku yake bi, cikin wayoyin gilashi. Ƙasarmu ba ta da teku. Dole saƙonmu ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai ga waɗannan wayoyi.

A ƙarshen Yuli 2009 wayar teku mai suna SAT-3 ta lalace a reshenta na Benin. Lokacin nan kusan ita ce ƙofarmu. Nijar da Togo suka rasa intanet, Nijeriya ta rasa mafi yawan tata. Rautoci sun nemi wata hanya, babu.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyi huɗu suka yanke a teku daura da Kodebuwa: SAT-3, da WACS, da ACE, da MainOne. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, har da tamu. Gyara ya ci makonni, don sai jirgin ruwa ya zo ya ciro waya daga ƙasan teku. Amma wannan karo akwai wasu wayoyin da suka tsira, kamar Equiano wadda ta sauka Lome da Legas a 2022. Kamfanonin da suke da yarjejeniya da ita suka juya saƙonsu can. Hanya ta cunkushe, tafiya ta yi nauyi, amma ba ta tsaya cik ba.

Wannan shi ne dalilin aikin zaren gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗinsa a 2016. Rabon Nijar kilomita 1031 ne, reshe biyar: Arlit zuwa Asamaka da iyakar Aljeriya, Difa zuwa Ingigmi da iyakar Cadi, Yamai zuwa Gaya da iyakar Benin, Yamai zuwa Makalondi da iyakar Burkina, sai namu, Zinder zuwa Magariya da iyakar Nijeriya. Ƙofa biyar maimakon ɗaya. Ku duba reshen Aljeriya: alƙiblar da ayarin Tarabulus yake fuskanta ke nan, arewa, ta Azbin.

Zaren nan a ƙasa yake binne, sau da yawa a gefen hanya. Mai haƙa rami, da mai ɗibar yashi, da mai tonon tubali, a kula da alamomin da aka kafa. Gatari ɗaya yana iya raba jiha guda da duniya. Wanda ya ga ana tono a inda ba a sa ba, ya gaya wa mai gari.

ABIN DA ZA KA YI DA WANNAN SANI

Na ɗaya. In saƙo ya ƙi tafiya, tambayi maƙwabci. In wayarka ce kaɗai, duba kati da caji. In duk masu kamfani ɗaya ne, hanyar gidansu ce. In kira yana shiga amma WhatsApp ba ya tafiya, matsalar tana can nesa. Kada ka kai wayarka gyara, kada ka yi faɗa da yaron shago. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma kai ba zomo ba ne.

Na biyu. In ka aika kuɗi ta waya, rezo ya ɗauke kafin shaida ta zo, kada ka sake aikawa. Mai yiwuwa kuɗin ya isa, amsa ce ta maƙale a hanya. Jira, ka duba abin da ya rage maka, ka tambayi mai karɓa. Jika goma ba abin wasa ba ne.

Na uku. A WhatsApp alamar maki ɗaya tana nufin saƙo ya isa gidan kamfani. Maki biyu, ya isa wayar ɗan'uwanka. In ka ga ɗaya, ba raina ka aka yi ba, wayarsa ce ba a same ta ba tukuna.

Na huɗu. Gidan da ke da layin kamfani biyu yana da ƙofa biyu. Ƙungiyar manoma, da gidan likita, da mai motar ɗaukar mara lafiya, ya kamata su yi tunanin wannan tun kafin ranar bukata.

Na biyar. Na'ura ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Ka rubuta 6 a wurin 9, saƙo ya tafi gidan wani, kuɗi ma haka, kuma babu rautar da za ta ce ka yi kuskure. Wanda ya iya karanta lamba da kansa ba ya miƙa wa kowa wayarsa da asirinsa. Ga amfanin zuwa aji ke nan.

AIKIN AJI

Malam ya rubuta kalmomin nan a babban allo, kowa ya karanta da ƙarfi, sa'an nan ya kwafa: saƙo, ƙunshi, hanya, zango, mararraba, rauta, taswira, hatimi. A lura da ƙ mai lanƙwasa cikin saƙo da ƙunshi.

Lissafi na ɗaya: ƙunshi ya tashi da guzuri 64, ya ratsa rauta 17. Nawa ya rage?

Lissafi na biyu: hanya ta farko nauyinta 20 da 15 da 5. Ta biyu 30 da 25. Wacce rauta za ta zaɓa?

Tambayoyin tattaunawa. Hanya nawa ce take shiga garinku, kuma wacce ake bi in damina ta yi ƙarfi? In labari ya zo kasuwa, yaya kuke bambanta wanda ya gani da wanda ya ji? Ranar da rezo ya ɗauke, ta yaya garinku zai kira likita?

Malamai su tattara amsoshi su aiko ta ofishin yaƙi da jahilci na gundumarsu, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan lambar asiri ta waya, da dalilin da ya sa ba a faɗa wa kowa ita. A ci gaba da zuwa aji a kan lokaci. Mu kwana lafiya.